Alƙalin da Ya Kwanta a Gindin Suri

Riwaya biyu na samu game da wannan al'amari. Ta farko ta 'yan kasuwa ce, masu cewa alƙalin ya shiga daji ne neman asiri, kuma ban karɓe ta ba, domin duk wanda na tambaya sai ya ce shi ma ji ya yi. Wadda na dogara da ita ta Malam Gwadabe ce, dattijon da ya yi maƙwabtaka da gidan alƙalin, kuma ban taɓa kama shi da ƙari a zance ba. Ya kawo ta ne a matsayin misali ga Malama Kubura, ranar da ta koka cewa tun da aka ba ta shugabancin makaranta take jin nauyin zama a tabarma tare da 'yan aji ɗaya.

Ya ce an yi wani alƙali, dogon mutum mai kwarjini, wanda ya saba a durƙusa masa. Mahaifiyarsa ta ƙare ƙuruciyarta tana tsintar 'ya'yan kaɗanya a dajin bayan gari. Da tsufa ya zaunar da ita, ganinta kuma ya fara dushewa, likita ya faɗa wa ɗan cewa da wuya ta kai wata damina tana gani. Ba ta roƙi komai ba sai abu ɗaya: ta sake ganin laimar kwaɗin da ke tsirowa a gindin suri bayan ruwa, da wani ɗan fure shuɗi, wanda bai kai farcen yatsa ba, mai buɗewa da hantsi. Alƙali ya je ya tsinko mata su, amma kafin ya iso gida furen ya ƙanƙame, laimar kwaɗin ta yi baƙi ta saki ruwa. Sai ya koma da kyamara. Ya tsaya a kansu da farar babbar rigarsa, ya karkata kaɗan, ya ɗauka. Da aka wanko hotunan, tsohuwa ta kai su dab da ido, ta juya su sama da ƙasa, ba ta ga komai ba face ɗigo-ɗigon fari a cikin ganye. Ta miƙa masa, ta ce, "Allah ya yi albarka, Malam. Amma wannan kallon shirwa ne. Ni da idon kaza na san su."

Alƙali ya gane abin da ya rage masa, ya kuma san cewa dajin hanyar mata masu itace ce, kuma abin da suka gani da safe gari ya ji shi kafin la'asar. Duk da haka, da aka wayi gari da ruwa ya koma. Ya naɗe rigarsa ya rataye a reshen marke, ya durƙusa, ya ga bai isa ba, sai ya kwanta rub da ciki a cikin laka, haɓarsa a ƙasa, tururuwa na bin hannunsa. A nan ya ga abin da bai taɓa gani ba duk tsawon rayuwarsa a garin: ƙarƙashin laimar kwaɗi a jere yake da siraran layuka kamar tsaiko na jinka, furen kuma yana da 'yan zare rawaya, kowanne da raɓa a bakinsa. Ya riƙe numfashi har iska ta lafa, sa'annan ya ɗauka. Mata suka wuce suka gan shi, zance ya bazu, wasu ma suka ce ya zautu. Bai fasa ba, ya yi ta komawa har ƙarshen damina. Ranar da ya kai mata sabbin hotunan, tsohuwa ta daɗe tana shafa guda ɗaya da yatsa, sa'annan ta gaya masa cewa wannan surin na yamma da rafi ne, wannan laimar kuwa ana ci, ta kusa da ita ba a ci. Ganinta ya rufe kafin girbi ya shigo rumbu. Shi kuwa alƙali, da ya zauna a kotu, babu mai ƙara ko wanda ake ƙara da ya rage masa ladabi, har da mazajen matan da suka gan shi cikin laka.

Da Malam Gwadabe ya kai nan, sai ya dubi Malama Kubura ya ce, "'Yata, ai Bahaushe ya gama magana: durƙusa wa wada ba ya hana ka tashi da tsawonka."

Waɗanda suka halarci zaman da ya ba da wannan labari su ne Malama Kubura, da mijinta Malam Tanimu, da Alhaji Nalado mai ɗinki, da Malam Ilu ladan.