Allon da Aka Yi wa Ƙazafi

Bari in ba ka misali. An yi wani injiniya da ya shekara biyu yana rubuta babbar manhaja ta kansa, irin wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya. Ka san kowace kwamfuta tana zuwa da wata 'yar manhaja da aka dasa mata tun daga masana'anta. Ita ke fara farkawa idan an kunna, ita ke jero faɗi da tsawon hoton da allo zai iya ɗauka, don haka ita ake fara tambaya kafin a zana komai. Shi kuwa injiniyan nan gani ya yi tambayar ɓata lokaci ce. Ya san awon allon ɗakinsa, sai ya rubuta lambobin da ka, aiki kuma ya tafi daidai.

Da aka gayyace shi nuna aikinsa a wani taro, ya nemo babban allo wurin wani dattijo mai gyaran kwamfuta a kasuwa. Yana kunnawa rubutu ya fito a karkace, layi na hawan layi kamar saƙar da zarenta ya kwance. Ya sungumi allon ya koma, ya tsaya bakin rumfa yana ɗaga murya, wai tsohon ya saba cusa wa mutane ruɓaɓɓen kaya. Maƙwabta suka taru. Wata mata da ta kawo gyara ta ɗauki kayanta ta wuce. Dattijon ya jona allon da tsohuwar kwamfutarsa, hoto ya fito tas. Sannan ya ce, "Ɗana, ka tambayi na'urar abin da take iyawa kuwa?"

Injiniya ya koma gida da allon, ya ƙara 'yan layuka na tambaya a manhajarsa. Nan take 'yar manhajar ta jero masa awo bakwai, babu wanda ya rubuta da ka a ciki. Ya zaɓi ɗaya daga cikinsu, rubutu ya fito tas. Washegari ya je ya durƙusa gaban dattijon, ya kasa haɗa ido da shi. An yafe masa, amma zagin a gaban kasuwa ya yi shi, ban haƙurin kuwa su biyu kaɗai suka ji, matar nan ma ba ta sake dawowa rumfar ba.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.