Zaren da Baba Ya Ƙi Yankewa

Ina 'yar shekara tara Baba ya kai mu teku a jirgin haya, ni da Umma, har benayen Dubai suka ɓace. Dako yake a sito, amma ɗan masuntan Yawuri ne. Wani ƙaton kifi ya haɗiye ƙugiyarsa, zaren ya tsaga masa tafin hannu.

Mai jirgin ya ce, "Khalas, wato ya isa haka, yanke zaren!"

Baba ya naɗe hannun da hularsa. "A sito kullum khalas, in ce to. Nan ruwa ne, malam."

Kifin ya tsinka zaren ya tafi. Baba ya kwashe da dariya: "Shi ma ya ƙi!"

Har yau in aka ce mini khalas, hular nan mai jini nake gani, sai in ƙara riƙo.