Ƙofar da Aka Buɗe Daga Ciki

Tun da aka fara adana muryoyin mamata a akwatuna cikin na'urar unguwa, Bara'atu ce ke tsara wanda katangar tsaron na'urar za ta bari ya shiga ya yi magana da su. Da hantsi Malam Jibo ya faɗo shagonta, ya kasa zaune ya kasa tsaye.

"'Yata, ba na ce ki toshe wa ɗiyata Sakina akwatin matata ba? Yarinyar da ta ƙi zuwa jana'izar uwarta, wai kullum suna hira."

Bara'atu ta duba, ta sake dubawa. Dokar tana nan daram, ba mai shiga. Sai dai ba wanda ya taɓa tunanin hana fita.

"Baba," ta ce a hankali, "ba Sakina ke kira ba. Marigayiya ce ke kiranta."