Kunnen Hagu na Rabo

Ranar Litinin, 14 ga Oktoba, 1963, da ƙarfe goma saura kwata na safe, aka kashe kunnen hagu na Rabo a lakwal, wato makarantar boko, ta Gidan Takama. Haka Mushe Munkaila (Mushe ake ce wa malamin lakwal) ya rubuta a layin farko na takardar ƙararsa. Duk wanda ya ce masa "wajen hantsi ke nan", sai ya gyara masa: goma saura kwata.

Shekara talatin da biyu Mushe ya yi yana koyarwa kafin ya ajiye alli. Tsofaffin malamai irinsa sukan koma gona ko gindin bedi. Shi takarda ya ɗauka, shafi huɗu, ya shiga yawon buro-buro, ofis bayan ofis.

A zamanin da abin ya faru akwai sambol, muƙamuƙin jaki da aka zura wa igiya, ana rataya shi a wuyan duk yaron da aka kama yana Hausa a aji. Rabo yana ɗan shekara tara fitsari ya matse shi, bai san yadda ake faɗa da Faransanci ba, ya faɗa da harshen uwarsa. Malamin ajin ya rataya masa ƙashin, ya kwaɗa masa mari da hannun dama mai zoben azurfa. Jini ya biyo kunne. Yara sittin da uku suka yi dariya, don an ce su yi. Washegari uban Rabo ya kai wa malamin zabuwa, tukwicin tarbiyya. Fara ce, aka ci ta da shinkafa. Wannan ma yana cikin takarda.

Sauran shafukan na abin da ya biyo baya ne. Rabo ya daina jin darasi, aka kore shi da sunan daƙiƙi. Gari ya raɗa masa Kunne-Ɗaya, har yara suka sa shi cikin waƙa. Wani mai gareji a Malbaza ya sallame shi da ƙarfen taya don an kira bai amsa ba. A wani shinge kan hanyar Ƙonni aka yi masa magana ta gefen hagu aka ce ya tsaya, bai ji ba, aka karya masa haƙarƙari biyu da gindin bindiga. Iyayen Tsahara, yarinyar da ya nema, suka mayar da goronsa, wai ba su ba kurma. Yanzu, shekara goma sha huɗu bayan marin, yana dakon itace da jaki, kuma jakin ne ke shan dukan da ya rage.

Mushe ya fara da wani babban jandarma. Mutumin ya karanta, ya kai kan sunan wanda ake ƙara, ya ɗago ya dube shi, ya sake duban takarda.

"Mushe, in munka kama duk wanda yat taɓa marin yaro, wa za mu bari shi tsare kurkukun?"

Liman ya ce ilmi bai shiga sai fata ta ji, kuma shi ma da bulala aka yi shi, ga shi nan lafiya lau. Mushe ya tambaye shi sau biyu ko ya tabbata. Liman bai ji na farkon ba.

Shi kansa Rabo bai taimaka ba. Da ya hango Mushe tafe da takarda, sai ya dafe kunne, ya karkata jaki ya shige lungu. Mushe bai yi fushi ba. Ya ƙara wannan a matsayin lahani na goma sha ɗaya.

Daga ƙarshe ya je wurin Wakili, wanda ke riƙe da gari. Roƙonsa guda ne: a sa sanƙira ya yi shela ranar kasuwa, jama'a su taru, mai laifi ya nemi gafara.

"Haba Mushe," in ji Wakili. "A tahi gida, a ce yaro shi yi hanƙuri. Shi ke nan, magana ta mutu."

"Gaban mutum sittin da ukku anka mare shi, ranka shi daɗe. Ba a ba shi hanƙuri bayan danga."

"Wanga da kake ƙara dattijo ne. Rabin 'yan buro shi yak koya musu. Kunya za ka ba shi."

"Ita nika so."

Wakili ya dubi dorinar da ke rataye bisa kansa, ya tuna matan gidansa da 'yan aikin gonarsa. In aka fara wannan sabon salo, kasuwa ɗaya ba ta isar masu neman gafara. Ya ce sanƙira ba shi da lafiya.

Ranar kasuwa, Mushe ya sa kwat ɗinsa na bikin raba sakamako, ya hau amalanken masu albasa, ya buɗe takarda. Ya karanta shafi huɗun nan da Hausa, bai tsallake waƙafi ba. Mahauta suka yi dariya, sannan dariyar ta yi ta raguwa, don da yawansu suna cikin sittin da ukun. Can wajen masu itace, Rabo ya tsaya bayan jakinsa. A hankali ya juyo da kunnen dama.

Mushe ya murza zoben hannunsa, ya ɗaga murya a kan layin ƙarshe.

"Don haka ina neman a tsayar da mai wannan laifi a tsakiyar kasuwa, da ƙashin jaki a wuya, ya durƙusa gaban Rabo ya nemi gafararsa a bainar jama'a, ta kunnen da ya bar masa. Mai ƙara, Munkaila ɗan Ado."

Ya sauko, ya zaro tsohon muƙamuƙin daga aljihun kwat, ya rataya a wuyansa.

"Wanda ake ƙara, Munkaila ɗan Ado."