Jana'izar Ɗanlami a Tumbun Gora

Tun da ƙasashe biyu suka kafa na'urar da ke matsar da iyaka bisa cikar tafki, lasifika ke sanar da mu 'yan tsibiri ƙasarmu kowace safiya. Ba wanda ya tambaye mu.

Ranar da yayana Ɗanlami ya rasu, iyaka ta raba gidanmu da maƙabarta. Soja ya tare makara.

"Baba, ba a fita da gawa ƙasar waje. Ku jira."

Muka zauna a rana muna korar ƙudaje. Da la'asar iyaka ta sake matsawa, duk tsibirin ya koma ɗaya ƙasar. Sojansu ya zo.

"A waccan ƙasar ya cika. Ba ma binne baƙo."

Ni kuwa, jarumin gidanmu, har da rusunawa: "Mun gode, ranka ya daɗe."