Wutar da Mai Haɗa Bidiyo Ya Rage

Sallau, tun da ka zauna kake jero min masu laifi. Kajinka sun daina ƙwai, ka ce mai sayar da 'yan tsaki ne ya cuce ka, ka ce zafin bazara ne, har likitan dabbobi bai tsira daga bakinka ba. Sha ruwa tukuna in ba ka wani misali.

An yi wani mutum a tsohuwar unguwarmu, sana'arsa haɗa bidiyon biki da suna. Kwamfutarsa mai ƙarfi ce, amma da zarar bazara ta shigo sai ta ɗau zafi, fankarta ta riƙa ihu kamar injin markaɗe. Wani abokin sana'arsa ya koya masa dabara, ya ce ya rage ƙarfin wutar da ke shiga ƙwaƙwalwarta, wadda suke kira firosesa, zai ga ta huce. Har ya rubuta masa lambar da ya sa wa tasa. Gogan naka bai tsaya gwaji ba, ya kwafi lambar, ya ƙara ragewa a kai don a ce ya fi malaminsa. Kwamfuta kuwa ta yi tsit, ta yi sanyi. Duk wanda ya shigo shagon sai ya kama hannunsa ya ɗora a kanta, yana murmushi kamar shi ya ƙera ta.

Ana nan sai mijin gwaggonsa ya rasu. Sau ɗaya tak aka taɓa ɗaukar tsohon yana magana, ranar sunan jikansa, shi ma guntu-guntu a wayoyin mutane. Gwaggon ta kira shi ta ce, "Ɗan nan, ba na neman komai a wurinka. Ka haɗa min maganar Malam wuri ɗaya, mu ji ranar sadakar arba'in kafin 'ya'yansa su watse." Saura kwana huɗu lokacin. Ya bi gida-gida ya tattaro guntayen, ya jera su, ya sa kwamfuta ta fitar da aikin. Tana kaiwa rabi sai allo ya yi shuɗi, ta mutu ta sake tashi. Ya maimaita, ta maimaita. Nan fa ya hau zargi. Ya ce wutar gari ce, ya tayar da janareta. Ya ce ƙura ce, ya buɗe cikinta ya hure. Ya ce manhajar haɗa bidiyon ce, ya sauke ta ya sake ɗorawa. Duk a yini ɗaya ya yi waɗannan, don haka ko da ɗaya ya yi amfani ba zai san wanne ba ne. Kwana biyu suka tafi a haka, allon yana nan yana masa shuɗi.

Rana ta uku da hantsi ya rufe ƙofar shago ta ciki, ya ɗauko takarda da biro, ya ce yau ko shi ko ita. Ya kafa wa kansa doka: abu ɗaya zai taɓa, ya gwada, ya rubuta abin da ya gani, sannan ya taɓa na gaba. Ya rubuta duk abin da ya sauya a kwamfutar tun lokacin da take lafiya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sokewa. Kowane gwaji sai ya ci masa kusan awa guda, yana zaune gumi yana tsatsafo masa, amma bai tashi ba sai don salla. La'asar na yi layi ɗaya ya rage a takardar, wanda ya yi ta tsallakewa tun safe: wutar da ya rage da hannunsa. Ya daɗe yana kallon layin, don dabarar nan ita ce abin alfaharinsa. Sai ya tuna muryar gwaggonsa, ya cije, ya mayar da wutar yadda ta zo daga kamfani. Fanka ta koma ihunta. Aiki ya kai rabi, ya wuce, ya kai ƙarshe ko tuntuɓe babu. Ya yi murna, ya kuma ji kunya, don kwana biyu ya yi yana neman ɓarawo alhali kayan suna aljihunsa.

Ranar arba'in aka kunna a tsakar gida. Gwaggon ta saurara har ƙarshe ba ta motsa ba, sannan ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Shi ne. Har tarinsa ka sa." Bayan an watse, mai haɗa bidiyon bai yar da dabararsa ba. Ya koma yana rage wutar kaɗan-kaɗan, kowane mataki sai ya gwada shi yini guda da aiki mai nauyi, har ya gano iyakar abin da tasa za ta ɗauka. Ko rabin lambar abokinsa bai kai ba, ashe kwamfutoci ko iri ɗaya ne, kowace da cikinta.

To, Sallau, kai da bakinka ka gaya min watan jiya ka rage wa kajin nan kwanon abinci, don ka ga maƙwabcinka ya yi haka. A duk masu laifin da ka jero min yau ban ji ka ambaci wannan ba. Koma gida ka mayar musu da kwanonsu, kada ka taɓa komai bayan shi har mako guda, sannan ka dawo mu yi magana. Hausawa ba su faɗa a banza ba: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.