Malamin Daji da Littafin Yara

Tunda ka ce littafin 'yan koyo ba littafi ba ne, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani malamin daji da ya yi ritaya ya koma garinsu. A bayan garin akwai kurmi mai duhu, rafi ya ratsa ta tsakiyarsa, maɗaci da ƙirya da kanya sun haɗa kai har rana ba ta taɓa ƙasa. Mutumin nan ya san kurmin kamar tafin hannunsa. Da jin kukan tsuntsu zai faɗa maka ko wane ne, ko namiji ne ko mace. Sai dai Allah ya yi shi da zafin rai, ga raina na ƙasa da shi. Wata rana shugaban makarantar firamaren garin ya kawo masa wani ɗan siririn littafi da wata malamarsu ta rubuta don yara, ya roƙe shi ya duba kafin a raba. Hoton tsuntsu ne a kowane shafi, da sunansa, da layi biyu a kan abin da yake ci da inda yake sheƙa, can baya kuma itatuwa da ɗan tarihin kurmin. Malamar ta daɗe tana fita da yaran ajinta bakin rafi, suna ɗebo ganye suna tambayar sunansa, daga nan littafin ya samo asali. Malamin daji ya buɗe, tun bai yi nisa ba ya ga an sa sunan kurciya a ƙarƙashin hoton hasbiya, an kuma ce shamuwa da kaka take zuwa, alhali kowa ya san ita ce mai albishir da damina. Nan take jijiyar wuyansa ta tashi. Shi da ya ƙare ƙuruciyarsa cikin ƙaya da cizon sauro, yau wata da ba ta taɓa kwana a daji ba za ta koya wa mutane tsuntsaye? Gyaran bai fi na biro ɗaya ba, amma bai gyara ba. Ya saɓa babbar riga ya tafi ofishin ilimi, ya buga littafin a kan tebur, ya ce wannan guba ce ake shirin ɗura wa yara. A masallaci ya faɗa, a majalisa ya maimaita, har ya kai ga ce wa malamar a gaban ɗalibanta ta tsaya inda Allah ya ajiye ta. Aka hana raba littafin, aka jibge shi a ɗakin ajiya, gara ta yi biki. Malamar ta haɗiye abin da ta haɗiye, ba ta sake fita da yara bakin rafi ba. Shi kuwa ya bugi ƙirji ya ce a saurari nasa, wanda zai ƙunshi kowane tsiro da kowane tsuntsu, har da sunayensu na masana.

Aka saurara. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, kullum sai ya ce akwai sauran bincike. Wanda duk ya tambaye shi sai ya sha faɗa, wai gaggawa aikin jahilai ce. Gashinsa ya yi fari, ido ya fara hazo, takardu suka cika akwati ba su zama littafi ba. Yaran da aka hana wancan suka girma, suka yi gemu, suka zama masu faɗa a ji. Ana nan sai masu ƙona gawayi suka iso da zarto mai inji, suka nemi a sallama musu kurmin. Aka yi taro a ƙofar gidan mai gari. Tsohon ya miƙe yana nuna mutane da sanda, yana kiransu makafi, marasa kishi, masu sayar da gadon kakanninsu. Ya shiga jero sunayen itatuwa da na tsuntsayen da za su rasa matsuguni, matasa suna kallonsa kamar mai yin wani yare. Ɗaya daga cikinsu ya ce, “Baba, ka yi haƙuri, mu dai a wurinmu itace itace ne.” Aka ɗaga hannu, shi kaɗai ya ƙi. Kafin ruwa ya sauka, hayaƙi ya turnuƙe bayan gari, manyan motoci suna fita da buhuna, rafin ya koma yashi.

Ranar da aka kayar da babban maɗacin bakin rafi, ya tsaya a kan kututturen yana dukansa da sanda, yana tsine wa garin da ya haifi 'ya'yan da ba su san hasbiya ba. Malamar, wadda ita ma ta manyanta, ta biyo hanyar za ta unguwa. Ya juya da jajayen idanu ya ce mata ga aikin makarantarsu nan. Ta tsaya, ta gyara mayafinta, ta ce:

“Malam, littafina mai kuskure ka binne shi da ransa. Naka marar kuskure yana ina?”

Ta wuce abinta.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.